BABI NA BIYU: TARIHIN FAIFAN BIDIYO DA MANHAJOJIN MATSE HOTO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin faifan bidiyo, tun daga lokacin da aka fara tunanin ɗora hoto mai motsi a kan faifai har zuwa lokacin da kasuwarsa ta ja baya. Za a fi mayar da hankali ne a kan wani mataki guda da ba a cika kula da shi ba, wato matakin matse hoto domin ya shiga cikin faifai, da kuma manhajojin kwamfuta da aka yi amfani da su wajen wannan aiki. Dalili kuwa shi ne, idan mai kallo ya ga hoto ya dusashe ko ya farfashe, yakan ɗora laifin a kan kyamara ko a kan masu satar fasaha. Sau da yawa kuwa ɓarnar takan auku ne a tsakanin teburin tace fim da na'urar buga faifai, a daidai lokacin da wani ya zaɓi manhajar da zai yi aiki da ita, ya kuma yanke shawarar tsawon lokacin da zai iya jira.

2.1 Daga Kaset Zuwa Faifai

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin Betamax a shekarar 1975, shi kuma kamfanin JVC ya biyo baya da VHS a shekarar 1976, wanda shi ne ya rinjaya a kasuwa. Kaset yana da illoli sanannu. Zarensa yana gogewa da yawan kallo, ƙura da laima suna lalata shi, sannan duk kwafin da aka ɗauka daga wani kwafi sai ya fi na bayansa muni. An gwada faifan LaserDisc a shekarar 1978, amma faɗinsa ya kai santimita 30, yana da tsada, kuma ba a iya ɗaukar komai a kansa a gida.

A shekarar 1982 kamfanonin Philips da Sony suka fito da faifan CD mai faɗin santimita 12, wanda ke ɗaukar sauti na minti 74, ko kuma bayanai kimanin megabayit 650. Nan da nan aka fara tambayar ko zai ɗauki fim. Lissafi ne ya ba da amsa. Hoton talabijin irin na tsarin PAL, wanda Nijeriya take amfani da shi, idan aka mayar da shi lambobi yakan ƙunshi ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, kuma fallen hoto 25 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Wannan ya kai kimanin megabayit 20 a daƙiƙa guda. Ke nan faifan CD zai cika ne da hoton kimanin rabin minti kawai. Bayan haka kuma, na'urar karanta faifan ba ta iya fitar da abin da ya wuce kimanin megabit ɗaya da rabi a daƙiƙa. Saboda haka babu makawa sai an rage nauyin hoton fiye da sau ɗari kafin a yi maganar fim a kan CD.

2.2 Asalin Dabarar Matse Hoto

Tushen dabarar ya samo asali ne daga wani lissafi da ake kira DCT, wanda Nasir Ahmed, ɗan asalin ƙasar Indiya da ke koyarwa a Amurka, ya wallafa a shekarar 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. A shekarar 1988 aka kafa kwamitin ƙwararru na MPEG bisa jagorancin Leonardo Chiariglione na ƙasar Italiya da Hiroshi Yasuda na Japan, kuma zamansa na farko ya kasance a birnin Ottawa na Kanada. Ƙa'idar farko da kwamitin ya fitar, wato MPEG-1, an buga ta a shekarar 1993, kuma an auna ta ne daidai da ƙarfin faifan CD.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana yadda aikin yake, domin idan ba a fahimce shi ba, ba za a gane abin da ya bambanta wata manhaja da wata ba. Matsewar tana tafiya ne ta fuska biyu. Ta fuskar farko, ana yayyanka kowane fallen hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, a auna kowane murabba'i da lissafin DCT, sannan a zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido bai cika lura da su ba. Abin da aka zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ta fuska ta biyu kuwa, an lura cewa fallaye biyu da ke bin juna kusan abu ɗaya suke ɗauke da shi. Idan mutum yana zaune a zaure yana magana, bango da tabarma ba su motsa ba, bakinsa da hannunsa ne kawai suka sauya. Don haka sai a adana cikakken hoto sau ɗaya a cikin kowane fallaye 12 ko 15, sauran kuma a rubuta abin da ya sauya kawai, da inda kowane yanki na hoton ya gusa. Cikakken fallen ana kiran sa I, wanda ya dogara da na bayansa ana kiran sa P, wanda kuma ya dogara da na baya da na gaba shi ne B.

Abu mafi muhimmanci a tarihin nan shi ne, kwamitin MPEG bai shimfiɗa yadda za a yi matsewar ba. Abin da ya ƙayyade shi ne siffar bayanan da za a rubuta a faifai da yadda na'urar kallo za ta warware su. Yadda za a binciko motsi, da inda za a kashe kaso mai yawa na awon bayanai, da inda za a yi tsimi, duk an bar wa mai ƙera manhaja. Wannan hikima ce, domin ta ba da damar a ci gaba da kyautata aikin ba tare da an sauya na'urorin da ke gidajen mutane ba. Sai dai ita ce kuma ta haifar da abin da ya rikita masu sana'a da yawa: manhajoji biyu za su karɓi fim ɗaya, su fitar da shi a nauyi ɗaya, kowane ya yi aiki a na'ura ɗaya, amma ɗaya ya fito tas, ɗayan kuma ya fito kamar an kalle shi ta cikin rariya.

2.3 Faifan VCD

A shekarar 1993 kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da ƙa'idar faifan VCD. An rage hoton zuwa ɗigo 352 da 288 a tsarin PAL, wato kusan rubu'in hoton talabijin. An ƙayyade wa hoto kilobit 1150 a daƙiƙa, sauti kuma kilobit 224, kuma wannan awo ba ya hawa ba ya sauka daga farkon faifai har ƙarshensa. Faifai ɗaya yana ɗaukar minti 74 zuwa 80, shi ya sa doguwar fim take zuwa a faifai biyu ko uku.

A Turai da Amurka faifan bai karɓu ba, domin kusan kowane gida yana da na'urar kaset, kuma hoton VCD bai fi na VHS wani abin a-zo-a-gani ba. A nahiyar Asiya labarin ya sha bamban. Kamfanin Wanyan da ke birnin Hefei na ƙasar Sin ya ƙera na'urar kallon VCD ta gida a shekarar 1993, da taimakon ƙwaƙwalwar lantarki ta kamfanin C-Cube na Amurka, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 ana sayar da miliyoyin irin waɗannan na'urori a ƙasar Sin. Gidaje da yawa a can ba su taɓa mallakar na'urar kaset ba, laima tana cin kaset, faifan yana da araha, ba shi da wani makulli da zai hana kwafa, kuma kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Waɗannan dalilai ne kuma suka buɗe masa ƙofa a Afirka ta Yamma. A shekarar 1998 ƙasar Sin ta fito da SVCD mai ɗigo 480 da 576, wanda ya fi kyan hoto amma ya fi saurin cika faifai.

2.4 Faifan DVD

Ƙa'ida ta biyu, MPEG-2, an kammala ta a tsakiyar shekarun 1990 domin cikakken hoton talabijin. A shekarar 1995 ɓangarori biyu da ke takara, na Philips da Sony a gefe ɗaya da na Toshiba da abokansa a ɗaya gefen, suka haɗu a kan faifai guda, wato DVD. An fara sayar da shi a Japan a watan Nuwamba na 1996, sannan a Amurka a watan Maris na 1997. Mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7, mai shimfiɗa biyu kuma 8.5, sannan hoto yana iya kaiwa megabit 9.8 a daƙiƙa.

Babban sauyin da DVD ya kawo ga mai matse hoto shi ne damar awo mai hawa da sauka. Wurin da mutane biyu ke hira a zaune ba ya bukatar abin da wurin gudu ko rawa yake bukata, don haka ana iya rage wa na farko a ƙara wa na biyu. Domin a yi wannan rabo da kyau sai manhaja ta bi fim ɗin sau biyu ko fiye: zagayen farko ta auna wahalar kowane wuri, zagaye na gaba ta yi rabon. Lissafin kuma a fili yake. Fim na awa biyu a kan faifai mai gigabayit 4.7 zai sami kimanin megabit 5 a daƙiƙa, wanda ya wadatar. Idan aka cusa awa uku sai ya koma kimanin uku da rabi. Idan aka cusa awa shida, kamar yadda masu haɗa finafinai da yawa a faifai ɗaya suka riƙa yi, bai kai megabit biyu ba, kuma a nan babu manhajar da za ta yi wani abin kirki sai an rage girman hoton.

2.5 Manhajojin Matsewa da Yadda Aka Riƙa Zaɓen Su

A farkon zamanin VCD da DVD matsewa aikin manyan kamfanoni ne masu na'urori na musamman. Abin ya sauko hannun talaka ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kwamfutar gida ta yi ƙarfi, na'urar buga CD ta yi araha, sannan kyamarar MiniDV ta ba da damar shigar da hoto kwamfuta kai tsaye. Awa ɗaya ta hoton DV tana cin kimanin gigabayit 13, saboda haka duk wanda ya ɗauki biki ko fim sai ya nemi abin da zai matse masa shi.

Daga cikin manhajojin farko akwai XingMPEG ta kamfanin Xing da ke Amurka, wadda ta yi suna wajen sauri. A wajajen shekarar 2000 wani ɗan Japan mai suna Hiroyuki Hori ya fito da TMPGEnc, wadda daga baya kamfanin Pegasys ya ci gaba da ita. Ita ce ta zama abin kwatance ga masu buga VCD. Ɓangarenta na MPEG-1 kyauta ne, na MPEG-2 kuwa kwana 30 kawai ake ba mutum ya gwada, saboda ƙa'idar MPEG-2 a lokacin tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka da ake biya wa lasisi ta hannun MPEG LA, wanda ya fara aiki a shekarar 1997. Haƙƙi na ƙarshe a Amurka bai ƙare ba sai a shekarar 2018. TMPGEnc tana da matatun rage ƙura a hoto da gyaran launi da daidaita girma, tana kuma barin mai aiki ya zaɓi zurfin binciken motsi. Aibinta ɗaya ne, nawa. A kwamfutocin wancan lokaci, idan aka zaɓi bincike mafi zurfi, fim ɗaya yakan kwana ana matse shi.

Kishiyarta a fagen DVD ita ce Cinema Craft Encoder ta kamfanin Custom Technology, shi ma na Japan. Ta haɗa sauri da kyau, tana kuma iya bin fim zagaye da dama. Amma a wancan lokaci babbar sigarta kusan dala 2000 ce, kuma ba ta damu da gyaran hoto ba, don haka masu amfani da ita sukan fara wuce da hoton ta AviSynth ko VirtualDub, waɗanda kyauta ne, kafin su miƙa mata. Ke nan manhaja ce ta wanda ya riga ya ƙware. A tsakanin waɗannan biyu akwai ProCoder ta kamfanin Canopus, wadda aka yaba wa wajen hoton kyamarar bidiyo, da ta kamfanin MainConcept na Jamus, wadda aka saka a cikin manhajojin tace fim irin su Adobe Premiere Pro da Vegas, ta yadda mutane da yawa suka yi ta amfani da ita ba tare da sun san sunanta ba. Daga baya aka sami HCenc, wadda kyauta ce kuma hotonta yana gogayya da na masu tsada, da kuma FFmpeg da Fabrice Bellard na Faransa ya fara a shekarar 2000.

Sai kuma rukuni na ƙarshe, wanda a haƙiƙa shi ne ya fi yawan jama'a: manhajojin da ke yin komai da danni ɗaya, irin su Nero ta ƙasar Jamus, waɗanda ake ba su fim su matse shi su buga faifai a zama guda. Sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma sun ɓoye wa mai aiki yawancin zaɓin da aka ambata a sama.

Idan aka yi la'akari da wannan tarihi za a ga cewa tambayar wace manhaja ce ta fi, ba ta da amsa guda. Mai buga VCD awonsa a ƙayyade yake, don haka abin da zai cece shi shi ne zurfin binciken motsi da tsabtace hoton kafin matsewa, domin ƙurar da kyamara ke haifarwa a wuri mai duhu manhaja tana ɗaukar ta a matsayin motsi, ta kashe mata awon da ya kamata fuskar ɗan wasa ta samu. Mai buga DVD kuwa abin da ya fi bukata shi ne zagaye biyu da rabon awo. Akwai kuma kurakuran da tsadar manhaja ba ta magance su. Hoton talabijin a saƙe yake, kowane falle ya ƙunshi rabi biyu na layuka da ke bin juna, kuma a hoton DV rabin ƙasa ne ke fara zuwa. Idan mai aiki ya gaya wa manhaja akasin haka, a fuskar kwamfuta ba zai ga komai ba, amma a talabijin duk abin da ya motsa sai ya riƙa karkarwa. Haka nan matse abin da aka riga aka matse, misali a mayar da VCD zuwa DVD da zaton zai ƙara kyau, hasara ce a kan hasara. Wasu kuma sun riƙa ƙetare ƙa'idar VCD domin su cusa fim na awa biyu a CD ɗaya, sai ya zama faifan yana aiki a wata na'ura yana ƙin wata.

A gefe guda wata hanya ta ɓulla wadda daga ƙarshe ta ci kasuwar faifan kansa. A shekarar 1999 aka karya makullin DVD da manhajar DeCSS, wadda aka danganta da matashin nan ɗan ƙasar Norwe, Jon Lech Johansen, sannan DivX ta Jérôme Rota ta ba da damar mayar da fim ɗin DVD ya shiga CD ɗaya. Xvid ta biyo baya a 2001, ƙa'idar H.264 kuma a 2003. Faifan Blu-ray da ya fito a 2006 bai yi wani tasiri a kasuwar finafinan Hausa ba, don haka ba za a tsaya a kansa ba.

2.6 Faifai a Kasuwar Finafinan Hausa

Masana sun fi ambaton Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a shekarar 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. A kan kaset aka haifi wannan sana'a, a kansa kuma ta bunƙasa a zamanin Sangaya da Wasila, kuma kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar kwafa da rarrabawa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na shekarar 2008, ya nuna yadda dusashewar hoto da gurɓatar sauti suka zama ruwan dare a wannan kasuwa, har masu kallo suka saba da su. A cikin shekarun 2000 ne faifan VCD, sannan DVD, suka maye gurbin kaset.

Da an yi zaton faifai zai kawo ƙarshen dusashewa, tun da kwafinsa ba ya rage kyau. Abin da ya faru shi ne ɓarnar ta sauya wuri. A zamanin kaset tana taruwa ne a hankali daga kwafi zuwa kwafi. A zamanin faifai kuwa sau ɗaya take aukuwa, a ranar da aka matse fim, sannan a buga ta dubbai ba tare da ragi ko ƙari ba. Wannan ya ɗora nauyi mai girma a kan mutum guda da ke zaune gaban kwamfuta, wanda a galibi furodusa yana tsaye a kansa saboda an riga an sa ranar fitar fim, ga kuma fargabar ɗaukewar wutar lantarki a tsakiyar aiki. A irin wannan hali, manhajar da za ta gama cikin awa biyu dole ta rinjayi wadda za ta kwana, ko da kuwa an san sauri kan haifi nawa.

Wani abin lura kuma shi ne, siffar fim ɗin Hausa ita kanta tana wahalar da manhaja. Hira a falo ba ta da wuya. Amma waƙa da rawa, waɗanda su ne suka fi sayar da fim a wancan zamani, sun tara duk abin da matsewa ba ta so: motsi mai sauri, sauya hoto akai-akai, leshi da atamfa masu ƙananan zane, ganyen bishiya da ruwa a lambu. A kan VCD, inda awo ba ya hawa, waɗannan wurare ne hoto yake farfashewa ya koma murabba'ai. Wato inda furodusa ya fi kashe kuɗi, nan faifai ya fi cin amanarsa.

Kasuwar faifai ta ja baya a cikin shekarun 2010, yayin da masu tura finafinai a waya da katin ajiya suka yawaita, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, masu shirya fim kuma suka karkata zuwa YouTube. Sai dai zaɓin da aka yi a wancan zamani bai wuce ba. Duk fim ɗin da asalin kaset ɗinsa na MiniDV ya ɓace ko aka ɗauki wani abu a kansa, abin da ya rage wa mai nazari shi ne kwafin VCD mai ɗigo 352 da 288, kuma idan aka ɗora shi a intanet sai an sake matse shi karo na biyu. A babi na uku za a duba yadda wannan ya shafi nazarin sutura da kayan adon da ke cikin finafinan da aka zaɓa.